Ranar da na bi ta Rumsiki

A wancan lokacin ni saurayi ne mai rumfar atamfa a kasuwar Garwa, iyayena kuma suna Bogo, can gaba da Marwa. Abu ɗaya aka san ni da shi: gudu da mota. Motata ƙarama ce, ja, mai ƙofa biyu, na saye ta a hannun wani Bature da zai koma ƙasarsu. Ko buhun gero ba ta ɗauka da daɗi, shi ya sa Baba yake yi mini tsiya, wai takalmi na saya nake kiransa mota. Duk da haka ya san ƙararta. Tun ina bakin gari yake ce wa Inna ta ɗora ruwan shayi, mahaukacinta ya iso.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na so motar nan. Babbar hanya ba ta taɓa burge ni ba, daga kamiyo, wato babbar motar kaya, mai hayaƙi sai shingen jandarma. Ni dai a ba ni hanyar dutse. Ka tunkari kwana, ka sauke giya, injin ya yi kuka, ka karya sitiyari ta bi ka kamar ta san abin da ke ranka, kafin ka gama miƙewa ga wata kwanar ta taso. Wanda bai ɗanɗana ba zai ce hauka ne, kuma ban musa masa ba.

Wata safiya a ƙarshen damina, Baffa, ƙanen mahaifina, ya bugo wayar shagon maƙwabcina, don lokacin babu wayar hannu. Muka gaisa har da tambayar kasuwa. Sannan ya ce jikin Baba ya ɗan motsa, in na samu sarari in leƙo. Na tambaye shi ko da tsanani, ya ce a'a, da sauƙi, in taho a hankali kawai, kada in yi gaggawa. Ya maimaita hakan har na ƙosa. Na rufe rumfa na kama hanya. Da na kai mararraba sai zuciyata ta ce, tunda da sauƙi, me zai hana in bar babbar hanya in zaga ta garin Gidar, in hau ta duwatsun Rumsiki, in sauko ta Mokolo? Gudun motata zai biya ratsen.

Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne, ban taɓa jin daɗin tuƙi kamar na ranar ba. Ruwa ya kwantar da ƙasa, duwatsu sun yi kore, hanya ba kowa sai awaki. Na sauke gilashi, ina shiga kwana ina fita ina ihu ni kaɗai. Akwai wani hawa da ya yi mini daɗi har na juya na sake hawansa. Na tsaya na yi azahar a gefen hanya, na sayi gasasshiyar masara, na zauna a kan mota ina kallon kwari. Ko addu'ar sauƙi ban tuna na yi wa Baba ba.

Na shiga Bogo rana ta yi sanyi. Tun daga nesa na hango tabarmi a ƙofar gidanmu, ga maza suna dawowa ta hanyar maƙabarta, wasu da ƙasa a gwiwar wandonsu. Ƙarar motar ta sa kowa ya waiwayo. Ban taɓa jin kunyar ƙararta ba sai ranar.

Na kama Baffa da faɗa a gaban mutane, me ya sa bai gaya mini gaskiya ba? Bai ɗaga murya ba. Ya ce Baba ne da kansa ya hana, ya ce in aka faɗa wa yaron nan gaskiya zai kashe kansa a hanya, gara a ce masa da sauƙi, ai ko a hankali ya taho zai iso kafin azahar. Inna ce ta ƙarasa ni. Ta ce duk babur ɗin da ya wuce sai Baba ya buɗe ido ya tambaya ko ni ne. Wajen azahar ya daina tambaya.

Na yi shekaru ina jin haushin Baffa, kuma har yanzu ban yarda da wannan ɗabi'a tamu ta ɓoye wa matafiyi labari ba. Amma na san gudun da nake taƙama da shi ne ya sa aka kasa amince mini da gaskiya. Ku masu ba da labari, ku faɗe shi yadda yake. Ku kuma 'yan'uwana masu son sitiyari, in aka ce jikin tsoho ya motsa, ku bi miƙaƙƙiyar hanya, ko da a bayan kamiyo ne. Duwatsun Rumsiki suna nan inda na bar su. Baba ne bai jira ba.