Masallacin Zane Ya Ba Gabas Baya

Jiya a filin Islamiyyarmu ta Wurno wasan kwaikwayo ya ɗauki zafi, ni ne ɗan kasuwa mai gudun salla, sai Kawuna na Rara ya miƙe cikin 'yan kallo.

"Ku dakata! Masallacin ga ina ya dosa?"

Masallacin zane ne a jikin ƙyalle, Sanusi mai rubuta allunan shaguna ya sha wahala kansa.

Na ce, "Kawu, fenti ne fa, wasa muke."

"Wasan mi? Ku koya ma ɗiyan mutane salla suna kallon Sakkwato?"

Malam ya duba, ya ce Kawu na da gaskiya. Haka munka kwance ƙyalle munka maishe shi gabas, jama'a na jan tabarmi suna gunaguni.

Muna gama gyara ladan ya kira magariba. Ga kowa a jere, fuska gabas. Buta kawai ta zagaya, ba wanda ya samu hanyar sulalewa.

Wasan bai ƙare ba, amma mai gudun salla a sahun gaba ya yi ta, Kawu na gefensa.

Ku fa, dattijo ya taɓa wargaza muku shiri kunka koma kuna gode mai?