Baburan da Ba Su Yi Hon Ba

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga kai, ban ga yadda zai kwashe ranar da muka kai na'urar nan gaban jami'an tsaro ba. Har gobe in na ji ayarin babura na wucewa shiru, sai gabana ya faɗi.

A lokacin ina aiki da wata 'yar cibiya a Sakkwato, inda matasa masu ƙirƙire-ƙirƙire ke taruwa. Ni ban iya haɗa ko da waya biyu ba. Aikina baki ne da ƙafa: in je ofis-ofis in ji abin da ke damun hukuma, in dawo in nemo yaron da ke da maganinsa, in haɗa su. Dillalin fasaha suke ce mini, ni kuwa ban taɓa jin haushin sunan ba.

Cikin matasan akwai wata yarinya 'yar Ƙofar Atiku, shiru-shiru, amma kanta na ja. Ta haɗa wani ɗan akwati mai aiki da hasken rana, a ɗaure shi a bishiya bakin hanyar ƙauye. Kunne ne kawai gare shi. In ya ji babura da yawa sun taho tare, yadda 'yan bindiga ke zuwa, sai ya aika saƙo nan take. Na tambaye ta, to masu rakiyar amarya fa? Ta yi dariya ta ce, "Baba, na koya mishi wannan. 'Yan biki hon suka yi kamar su tsaga kunne. In ya ji hon, ya san biki na. Masu zuwa shiru su ne abin tsoro." Na ce kai, yarinyar nan ta gama magana.

Na sha zirga-zirga kafin wata hukumar tsaro ta yarda ta duba. Aka ɗaure akwatin a wata bishiyar dogon yaro a hanyar wani ƙauye da ke bayan gari, aka ajiye motar sintiri kusa da wurin da jami'ai a ciki. Shirin shi ne bayan la'asar wasu jami'an su hau babura daga ofis su bi hanyar, mu ga ko na'urar za ta ji su. Mu kuma muna ɗakin taro tare da babban jami'in, wani dogon mutum da ban ga haƙoransa ba tun da muka shiga.

An dawo daga sallar azahar ke nan, yarinyar na cikin bayani, sai kwamfutarta ta ɗauki ƙara. Allon ya yi jawur. Babura masu yawa, babu hon, sun nufi ƙauyen.

Babban jami'in ya dubi na kusa da shi. "Yaranmu sun tashi ne?"

"A'a yallaɓai, ga baburansu can tsakar gida."

Babban jami'in ya juyo kan yarinyar ya ce, "Abin nan naki yana ƙarya?" Ta ce bai taɓa yi ba. Sai ya ɗauki oba-oba ya ba motar sintiri umarni su tare hanya, su shirya. Wallahi na ji ƙarar ɗana bindigogi ta cikin abin, da kunnena.

Ina tsaye, sai wata magana ta faɗo mini. Ina da ƙane ɗan kabu-kabu, wato acaɓa, mazaunin unguwar Gidan Dare. Da safen nan ya kira ni yana cewa abokin sana'arsu da ke kwance asibiti jikin ya yi tsanani, kuma ɗan wani ƙauye ne a bayan gari. Su kuwa 'yan kabu-kabu haka suke, in nasu ya rasu, duk mai babur ajiye aiki yake ya raka gawa har gida. Kuma wa ya taɓa danna hon a bayan gawa?

Na kira ƙanena, wayar ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Na sake kira, shiru. Ban san lokacin da na tsinci kaina gaban teburin jami'in ba.

"Ranka ya daɗe, don Allah ka ce kada su harba. Ina jin jana'iza ce. Ƙanena na ciki."

"Kana ji, ko ka tabbata?"

"Ban tabbata ba."

"To in ba ita ba ce fa? Yarana ke can a buɗe, bayansu mata da ƙananan yara. Kai za ka je ka yi wa iyalansu bayani?"

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa maganar ta fi yi mini ciwo. Ba ni da abin cewa sai "don girman Allah". Ya kafe ni da ido, har na fid da rai. Can ya kai oba-oba bakinsa ya ce, "Ku laɓe. Kada wanda ya taɓa kunama sai kun ga abin da ke gaba da idonku. Wanda ya riga ni, zai gamu da ni."

Daga nan sai jira. Ban taɓa sanin jira na da nauyi haka ba. Fanka na juyawa, yarinyar ta dafe kai da hannu biyu, ni kuwa duk addu'ar da na kama sai ta kuɓuce mini a tsakiya. Ta cikin oba-oba muna jin rurin baburan na ƙaruwa, na ƙaruwa, har ya cika ɗakin.

Sai wata murya ta ce, "Yallaɓai... gawa ce. A-kori-kura ce a gaba da makara a bayanta."

Na zauna daɓas a ƙasa, babbar riga da komai. Yarinyar ta fashe da kuka tana cewa, "Baba, ni ban taɓa bin gawa ba. Ban san shiru suka tahiya ba." To ina za ta sani? Mata ba sa zuwa maƙabarta a wurinmu. Ayarin biki ta sani tun tana ƙarama, shi ta koya wa na'urarta. Mu kuma maza da muka raka gawa ba adadi, har da ni, babu wanda ya zauna da ita aka bi hanyoyin nan ɗaya bayan ɗaya.

Na ɗauka korarmu za a yi. Sai jami'in ya ce mata, "Share hawayenki, ɗiyata. Kunnen abin nan lafiya lau yake, sanin gari ne bai yi ba. Ki dawo, amma wannan karon da 'yan kabu-kabu da masu unguwa za mu zauna." Haka kuwa aka yi, kuma saƙon da na'urar ke aikawa, maimakon gargaɗin hari, aka mayar da shi "a je a duba".

Da yamma ƙanena ya zo gida da jar ƙasa har gira. Ya ce, "Yaya, yau mun ga abin mamaki. Muna shan kwana sai ga jami'ai sun fito daga bayan itace da bindigogi, suka sauke su, suka bi mu har aka yi salla. Mutanen kirki wallahi." Na dube shi kawai, na ce ya je ya yi wanka. Sai da aka kwana biyu na iya gaya masa.

Tun ranar na gane cewa haɗa mai ƙirƙira da mai bindiga a ɗaki ɗaya bai isa ba. Na'ura abin da mai ita ya gani a rayuwarsa kaɗai ta sani. Yanzu duk wanda ya kawo mini sabon abu, kafin in kai shi kowane ofis sai na fara tara masa mutanen da abin zai saurara ko ya kalla, domin na san yadda ake ji in ɗan'uwanka ne a bakin bindigar.