Fenti a Kan Danshi

Shekara talatin Rufa-Rufa ya yi yana sana'ar fenti, bai taɓa gyara bango ko ɗaya ba. Kuma ba rashin sani ba ne, abin haushin ke nan. Da ya ɗora tafin hannu a bango zai gaya maka ko danshin daga ƙasa yake hawowa, ko indararo ne ya tsage, ko bututun banɗaki ke yoyo daga ciki. Sai dai masu tsofaffin gidajen haya ba don gyara suke kiransa ba. Zai kankare fumfuna, ya lafta fentin mai har shafe uku, ɗaki ya fito fes. Kafin fentin ya kumbura, ɗan haya ya riga ya tare. Wai shi nan gwani, har bugun ƙirji yake yi a majalisa.

Ranar nan autarsa ta kira shi. Wata huɗu ke nan da komawarsu wani gidan haya ita da mijinta, jaririnta kuwa tari ya ƙi sakinsa. Likita ya ce a duba ɗakin da yake kwana.

Da ya je, tun daga bakin ƙofa ya gane ɗakin. Shuɗin fentin nan, da yadda aka ja buroshi a kusurwa, ko a mafarki ya san aikin hannunsa. Ya janye gadon yaron. Bangon ya yi baƙi ƙirin, fentin yana saɓulewa kamar ɓawon dafaffen ƙwai.

Gogan naka ya tuɓe riga. Ya haƙe ƙasar da ta taru a bayan ɗakin har ta fi daɓen ciki tsawo, ya buɗe kwatar da ta toshe, ya farfashe filastar har gwiwa don bango ya sha iska. Kwana uku yana aikin da tun farko ya san shi ya kamata.

A rana ta uku ta kawo masa ruwa, yaron yana tari a kafaɗarta.

"Baba, ashe kai ka iya aiki haka? Shi kuwa mugun da ya shafe wannan ɗakin, Allah ya isa tsakanina da shi. Ka ce amin mana, Baba."

Ya ajiye kofin ruwan, ya ce, "Amin."