Ranar da Tela Ya Yafe Doki

Shekara talatin mai gyaran agogo ya yi a shago ɗaya, kuma in za a faɗi gaskiya, rabinsu a kan allon wasan ces, darar nan mai sarki da dawaki, ya ƙarar da su. Da yamma yakan ture ƙananan sukurori gefe ya jera sojoji, tela maƙwabcinsa ya shigo ya ja kujera. Mai agogon mugun haƙuri gare shi a wasa. Sai ya ba ka soja kyauta, ya ƙara maka wani, kana ta washe baki, bayan tafiya biyar ka ga dokinsa ya ritsa sarkinka da sarauniyarka lokaci guda.

"Bar kallon abin da zan ci," yakan ce, "dubi inda nake so ka tsaya."

Bana abubuwa suka fara sukurkucewa. Ya miƙa wa wata mata agogonta babu hannun minti. Sau biyu yana barin makulli a jikin kwaɗo. 'Yarsa ta kai shi asibiti, ta dawo da magana ɗaya: idan mantuwar ta yi gaba, a rufe shago, Baba ya koma gidanta. Ya ce kan da ke hango tafiya biyar lafiyarsa ƙalau, a tambayi tela. Ta ce telan kuwa za ta tambaya.

Tsoro yake ji sosai, bai dai gaya wa kowa ba.

Ranar Laraba suna cikin wasa ya hango hanya tsaf: ya sadaukar da doki, layi ya buɗe, sarauniya ta ƙarasa aiki. Ya ɗaga dokin. Yana riƙe da shi sai shirin ya ɓace masa kamar an kashe fitila. Ya dubi allon, bai gane komai ba. Ya dire shi a gidan da doki ba ya zuwa.

A wasan nan abin da ka taɓa ka taɓa, kuma tela bai san yafiya ba. Da surukinsa ma sun yi wata guda ba sa ga maciji a kan haka. Amma yau sai ya ce a hankali, "Mayar da shi, maƙwabci. Sake tunani, ba sauri muke ba."

Mai agogo ya ɗago ya dube shi.

"Kai? Tun yaushe ka fara yafewa?"

Tela ya kasa haɗa ido da shi.

"Karo na huɗu ke nan a makon nan," ya ce. "Kuma kullum sai ka yi mini wannan tambayar."