Mutum-mutumina Ya Tafi Birni

Jama'a, yau mutum-mutumin gonata ya samu gayyata zuwa Kano, ni ban samu ba!

Da safe na je gonar shinkafata a Bunkure. Sai ga wata mata tsugune gaban mutum-mutumin da ke kore min tsuntsaye, tana ta kallonsa. Na yi sallama. Ta ce ita mai zane da sassaƙa ce, tana so ta saka shi a baje kolin ayyukanta.

Na ce, "Hajiya, kara ne fa da tsohuwar rigata! Me kika gani?"

Ta ce, "Tsayuwarsa. Kamar mai jiran wani."

Na ce, "To tsuntsaye fa? Kafin yamma sun cinye min shinkafa."

Ta ce in ɗan jira. Ta ɗauko buhu da igiya da fenti a mota, ta kwaɓa laka a bakin kanal. Ina kallo ta haɗa wani sabo, har da ɗan rankwafawar nan tawa! Ta tafi da tsohon.

Yanzun nan maƙwabcina Malam Habu ya kira ni, ransa a ɓace: "Me na yi maka? Ina ta gaishe ka a gona, ka share ni!"