Buhun da Baba Ya Tafi da Shi Nsukka

Litinin: Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Lokoja

Ƙarfe biyar da rabi na asuba muka fito daga gida, ni da Baba, cikin shekarar da sojoji suka koma bariki. Na ɗauki hutun kwana huɗu a asibitin da nake aikin jinya, domin ba zan bar dattijo ya tafi shi kaɗai da wannan fushi ba. Dalilin tafiyar kuwa ƙanwata Hadiza ce, wadda ke karatun ilimin sararin samaniya a Nsukka. Wani maƙwabcinmu, Malam Iro, ya ce wa Baba a majalisa ai masu karatun taurari 'yan duba ne. Shi ke nan! Baba ya naɗe buhun Gana-mas-go babu komai ciki, ya ce kayanta zai zubo, karatu ya ƙare.

A tashar Unguwa Uku muka sami Fijo, ta tashi shida da kwata. Baba shekara talatin ya yi yana tuƙa babbar mota, don haka direbanmu ya sha gyara.

"Ɗana, ka saki birkin nan, ba laifin da ya yi maka."

"To, Baba."

Kaduna ƙarfe tara, muka ci waina da miya. Shingayen hanya sun ragu, 'yan sanda ne maimakon soja, ɗaya ya leƙo ya ce a gaida gida. Da la'asar sakaliya muka shiga Lokoja, muka sauka gidan Alhaji Ndako, tsohon abokin tuƙin Baba. Aka kawo tuwon shinkafa da kifi, amma Baba loma uku ya yi ya tsame hannu. Tausayinsa ya kama ni, wallahi. Tsoro ne ke cinsa, ya fake da faɗa.

Talata: Nsukka

Mun tashi bakwai, mun isa sha biyu da rabi. Hadiza ta rugo ta durƙusa, ta ga buhun, ta dube ni. Na kau da kai.

Ta kai mu wani ɗaki ta kunna kwamfuta. Ga ɗigo huɗu masu haske sun sa wani a tsakiya.

"Baba, fitila nawa ka gani a gefe?"

"Huɗu mana. Makaho kika ɗauke ni?"

"Ɗaya ce. Tana can nesa ƙwarai a bayan na tsakiyar nan, shi kuma gungun taurari ne mai tsananin nauyi. Nauyinsa ke jan haske ya lanƙwasa masa hanya, sai hasken ya kewayo ta gefe huɗu ya iso mana."

Ta rufe taga, ta kunna kyandir, ta miƙa masa kofin gilashi mai ƙafa, ta ce ya leƙa ta gindinsa. Harshen wutar ya koma zobe. Baba ya matsar da kofin, ya mayar, ya sake matsarwa.

"Yanzu wannan zai faɗa miki wanda za ki aura?"

"Haba Baba! Hasken nan ko labarin jiya bai sani ba. Tun kafin a haifi kakannin kakanninmu ya taso, sai yanzu ya iso."

Baba ya sake leƙa gindin kofin, ya ce, "Ashe matafiyi ne. Dutse ya tare shi, ya bi kwana. Allah mai iko." Sai ga shi yana goge ido da hannun riga, wai hayaƙin kyandir ne.

Laraba da Alhamis: komowa

Mun sake kwana a Lokoja, wannan karon Baba har ƙari ya nema. Ranar Alhamis bayan la'asar muka sauka a Unguwa Uku, tasi ta kawo mu gida. Buhun kuwa Hadiza ta cika shi da doya da manja, da kofin nan a naɗe cikin ɗankwali.

Ko ruwa Baba bai sha ba ya fita majalisa da kofi da kyandir. Ina daga soro na ji muryarsa: "Malam Iro, zo ka leƙa nan. Aikin 'yata ke nan, Hadiza, kuma sai ta kai ƙarshensa."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa Alhaji Ndako da iyalinsa. Doyar ma mun aika wa Malam Iro guda biyu.