Gafakar Baba

Tun ina 'yar firamare nake da jarabar karatun littafi, har ana yi mini tsiya da ita a gida. In an aike ni niƙa da littafi a hammata nake tafiya, tuwon da na bari ya ƙone kuwa don in ga ƙarshen babi ba ya ƙirguwa. Mai shagon hayar littattafai na kusa da tashar Karaye ya taɓa roƙona in riƙa karantawa a hankali, wai na kusa ƙarar masa da shago. Amma littafin da na fi so duk duniya ba a shagonsa yake ba. Ba a taɓa buga shi ba, kuma ban karanta ko layi ɗaya a cikinsa da idona ba.

Babanmu ne ya rubuta shi. Tela ne a kasuwar Karaye, amma da ƙuruciyarsa ya yi fatauci da jakuna, kuma bai yi boko ba. Da ajami ya rubuta, da alƙalamin kara da tawada, a kan warwarar takardu da yake adanawa cikin wata jar gafaka ta fata, irin wadda malamai ke sa littattafansu. Labarin wani mai kanwa ne da jakinsa ya ɓata a garin Kurugu, ya bi sawunsa gari gari. Duk wanda ya tambaya sai ya rantse ya ga jakin, sannan ya kwatanta masa wani jaki dabam.

Da rani yake karanta mana, bayan la'asar, a gindin darbejiyar tsakar gida. Inna, mahaifiyarmu, tana gefe tana ɓare gyaɗa, ta juya mana baya kamar ba da ita ake ba. Amma in ya haɗa takarda biyu ya juya, ba tare da ta ɗago ba sai ka ji ta ce, "An tsallake wurin maƙera." Shi kuma ya yi gyaran murya ya koma baya. A nan kaɗai nake ganin Inna ta yi dariya har ta toshe baki da gefen zane. Abin da ya sa nake son littafin ke nan, ba wai don ya fi na shago daɗin labari ba.

Ni ce 'yar fari, kuma Inna mutuniyar da ce, mai alkunya sosai. Ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "ke" ko "waccan". Ba ta kuma taɓa neman wani abu a wurina kai tsaye ba. In tana son in ɗebo ruwa, randa za ta kalla ta ce ta yi ƙasa. Na tashi cikin wannan na saba, ya kamata a ce na fi kowa sanin maganarta.

Da Baba ya rasu ta gama takaba, Kawu, ƙaninta, ya ɗauke ta zuwa gidansa a Falgore, can ƙasar Rogo. Gafakar na cikin 'yan kayan da ta tafi da su, a ƙasan adakarta. Ni ina aure a Karaye, ina koyarwa a firamare, sai dai in hau babur in leƙa ta lokaci lokaci. Ba a daɗe ba yanar ido ta fara rufe mata gani.

Wata rana na je, muna zaune a ɗakinta, ta dubi bango ta ce, "Wai an ce masu boko ba sa iya karanta rubutun mutanen da."

Na yi dariya na ce, "Inna, Alƙur'ani dai ina karantawa, amma wannan tafiyar tsutsar ta Baba ai sai shi."

Ta ce, "Haka ne."

Da na sake komawa ta ce, "Gafakar nan ta kwana biyu ba a buɗe ta ba." Na ce ta ba ni in tafi da ita in adana, ta ce a'a, tana nan lafiya inda take. Na ce to in an yi hutu zan duba. Aka yi hutu aka koma, aka sake yi aka sake komawa. A cikin wannan lokacin na karanta littattafan haya sun fi a ƙirga, har da waɗanda ake turowa a waya. Wannan shi ne abin da har yau yake cin raina.

Wata tsohuwa maƙwabciyata, 'yar gidan malamai, ita ta farkar da ni. Ina ba ta labarin maganganun Inna a matsayin abin dariya, sai ta ajiye carbinta ta ce, "Ke 'yar nan, duk karatun naki ba ki gane ba? Roƙonki take yi. So kike ta durƙusa miki?"

 Washegari na fara zuwa wurin tsohuwar koyon ajami bayan an tashi daga makaranta. Ta fito da tsofaffin wasiƙun mijinta, muka yi ta bi baƙi baƙi. Ba wasali, kalmomi a manne da juna, ga ni malamar makaranta ina in-ina kamar 'yar aji ɗaya. In na yi kuskure ta ce, "Ashe boko ma ana yin sa da jaki a kai." Wata uku muka yi. Ranar da na karanta wasiƙa guda daga sama har ƙasa ba ta gyara mini ba, ta ce in tashi in tafi.

Damina ta sauka a lokacin. Mai babur ya yi ta kauce wa kwatami, wani wurin sai na sauka na taka. Na isa Falgore da hantsi, zanina duk taɓo, amma zuciyata fari fat. Ban gaya wa kowa abin da ya kawo ni ba, so nake in buɗe gafakar kawai in fara, in ga fuskarta.

Matar Kawu ce ta tarbe ni. Mace ce mai kirki da tsoron Allah, ba ta taɓa nuna wa Inna bambanci ba. Muka gaisa, ya gida, ya yara, ya ruwa, ya hanya. Tana zuba mini fura sai ta ce, "Ai mun ga ruwa makon jiya, 'yata. Ɗakin Yaya ya yi yoyo, adakarta ta jiƙe. Da na fito da kayan shanya sai ga wasu takardun ayoyi a ƙasa, sun manne, gara ta cinye rabi. Bisimilla ce a sama, da salati. Na ce wannan ba a bar shi yana zuba a ƙasa kaji na takawa ba. Na yi alwala na ƙona su a sabon kasko, tokar kuma Kawunki ya binne ta a gona, wuri mai tsabta."

Haka ake yi da takardun Alƙur'ani in sun lalace, ni ma haka aka koya mini. Baba kuwa ko awon riga zai rubuta da Bisimilla yake farawa. Na riƙe kwanon furar na kasa sha. Tana kallona tana jiran in yi mata godiya, sai na ji bakina ya ce, "Allah ya saka da alheri."

Na shiga ɗakin Inna. Tana zaune a bakin gado, jar gafakar a cinyarta, ba komai a ciki. Na gaishe ta ta amsa, sannan na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga mata murya.

"Inna, kina ina aka yi wannan?"

"Ina nan ƙofar ɗaki. Na ji ƙaurin."

"Ba ki hana ba?"

Ta daɗe tana shafa fatar kafin ta ce, "In ce mata me? Tsofai tsofai da ni, a gidan ƙanina, in buɗe baki in ce wa matarsa wannan hirar da mai gidan can yake yi mini ce? Ita kuma lada take nema."

Na fashe da kuka. Na ce mata na koya, wata uku ina koyo, yau na zo in karanta mata. Ba ta ce na makara ba, da ma ta faɗa da na fi samun sauƙi. Sai ta ce, "To madalla. Ilimi ne."

Ana jin matar Kawu tana daka a waje. Can Inna ta juya fuskarta wajen bango, ta yi magana ƙasa ƙasa.

"Wajen ƙarshe akwai wata yarinya a bakin rijiya, da ta hana mai jakin ruwa sai ya yi sallama yadda ya kamata. In ya zo wurin sauri yake yi, don kuna zaune. Ban taɓa jin sa duka ba. Shi nake so a karanta mini a hankali."

Ban tambaye ta ko wace ce yarinyar ba, ita ma ba ta ƙara ba. Bayan an cire gyaɗa a shekarar Inna ta rasu.